Inci Goma Sha Ɗaya Zuwa Wurin Auta

Shekara ashirin da biyu ke nan bango ɗaya ne tsakanin shagona na aski da shagon Baba Inci tela, bangon kuma na katako ne, don haka babu cikar bakin da ya taɓa yi wadda ban ji ba, ko ina so ko ba na so. Tef ɗin awonsa ba ya barin wuyansa. Da shi yake cin abinci, da shi yake zuwa gaisuwa, kuma ya sha gaya mana cewa duk abin da Allah ya yi wa tsawo da faɗi, shi zai iya gaya maka ƙarshensa. Abu ɗaya ne bai taɓa iya aunawa ba, wato ranar da zai gama ɗinkin mutum.

Autarsa tana aikin jinya a wani ƙaramin gari can wata uwa duniya. Shekara bakwai rabonta da gida, ta yi aure a can har ta haifi 'ya mace, wadda matarsa Inna ba ta taɓa gani ba sai a waya. Ranar da Auta za ta tafi, Inna ta tsaya jikin shingen ƙarfe na ɗan filin jirginmu har jirgin ya ɓace mata. Tun daga ranar take faɗa wa kowa cewa ba ta da wani buri da ya wuce ta sake tsayawa a daidai wurin nan, 'yarta ta fito ta fara ganin fuskarta kafin ta kowa. Duk layinmu mun san wannan magana, har mun haddace ta.

Wata Lahadi Auta ta kira ta ce ranar Talata da ƙarfe shida na safe za ta taso, ita da yarinyar. Ta ce layinta ba zai yi aiki a hanya ba, amma ta turo takardar tafiyar a wayar Baba, komai yana ciki. Inna ba ta ganin ƙananan rubutu, shi ma gogan ba ya gani, sai dai shi ba ya yarda. Ticha, wani tsohon malamin makaranta da ke yini a bencina yana karanta jarida, ya ce a kawo ya duba. Baba Inci ya mayar da wayar aljihu.

“Takarda ta waɗanda ba su iya awo ba ce,” in ji shi. “Kai dai ara mini taswirar nan da ka tsufa da ita.”

Aka kawo taswirar duniya, ya kafa ta a bangon shagonsa da ƙusa huɗu, ya tara mu. Ya tuna mana cewa shekara goma sha biyar da suka wuce ya taɓa hawa jirgi daga filinmu zuwa babban birni, labarin da babu wanda bai ji sau ɗari ba. Tafiyar awa ɗaya ce cur. Ya ɗora tef tsakanin garinmu da birnin, ya zama inci ɗaya. Sai ya ja tef ɗin ya ratsa hamada, ya ratsa teku, ya dire a kan ɗigon da Ticha ya nuna masa, ya danne da babban yatsa. Inci goma sha ɗaya ne. Inci ɗaya awa ɗaya, saboda haka wadda ta tashi shida na safe za ta sauka biyar na yamma, ba ƙari ba ragi.

Ticha ya ce ƙarfe shidan can ba shi ne ƙarfe shidan nan ba, domin lokacin da rana take fitowa a wurinsu mu a nan ta yi nisa. Baba Inci ya tambaye shi ko rana biyu ce a sama. Ticha ya ce ɗaya ce. Ya ce to ya kama bakinsa. Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi, don Ticha yana da gaskiya amma ba shi da daɗin baki.

Kafin azahar ɗin Litinin duk unguwa ta ji cewa Baba Inci ya auna sararin sama. Ya sa ƙanen Inna, wanda muke kira Kawu Direba, ya ajiye aikinsa ya kawo bas. Ya gayyaci mai shayi, da mai gyaran takalmi, da matan maƙwabta, har da wani da ya shigo tambayar hanya kawai. Rigar tarbar da ya yi wa Inna alkawari tun mako uku kuwa ba ta kammalu ba. Ranar Talata ya riƙe mata kalmasar da fil ya ce daga nesa babu mai lura, ta dai yi hankali wajen zama.

Mu ashirin da uku muka cika bas ɗin nan. Filin jirginmu ɗaki ɗaya ne da rumfa, sai benci biyar da shingen ƙarfe da wata fanka da ta gaji da duniya. Muna isa da ƙarfe huɗu Inna ta wuce kai tsaye wurinta ta kama ƙarfen da hannu biyu. Mai gadi, wani dattijo mai sanyin magana, ya ga taro ya zo ya tambaya ko lafiya. Da aka gaya masa ya ce ai jirgi ɗaya ke zuwa a rana, ƙarfe biyu yake sauka, na yau ya zo ya tafi tun ɗazu.

“Kai mai gadin ƙofa ne ko mai gadin sama?” in ji Baba Inci.

“Na ƙofa ne, ranka ya daɗe. Amma duk wanda ya sauko daga saman ta ƙofata yake bi.”

Baba Inci ya ce a bar shi, bai san awo ba. Biyar saura kwata ya jera mu bisa tsawo, ya nuna wa mata inda za su fara tafi. Biyar ta yi, ya ɗaga hannu sama yana nuna wani ɗigo baƙi da ke tahowa, ya ce ga shi nan. Aka fara tafi, mai shayi har da tsalle. Ɗigon ya matso ya karkata ya sauka a kan rufin rumfa, ashe shaho ne. Ƙarfe shida mai gadi ya ba mu haƙuri ya jawo ƙofa. Lokacin da Inna za ta zauna a bas fil ɗaya ya soke ta, ta gyara zama kawai.

Da safe na ɗauka kunya za ta hana shi buɗe shago. Ina buɗe nawa na tarar da shi a ƙofa da kankana a cinya da allin tela a hannu. Ya ce ya gano matsalar, kuma ba daga wurinsa take ba, taswirar Ticha ce ta yaudare shi. Taswira a shimfiɗe take, duniya kuwa a dunƙule, kuma duk telan da ya san aikinsa ya san awon ƙirji a kwance daban yake da awon tumbi. Ticha ya ce ai jiya ya faɗi haka a cikin bas. Baba Inci ya ce faɗa daban, aunawa daban.

Ya ɗiga alli a nan ya ce garinmu, ya ɗiga a can ya ce garin Auta, ya zagaya da tef. Lissafin bai yi masa ba, ya matsar da garin Auta. Bai yi ba, ya bi ta bayan kankanar, ta doguwar hanya. Ina tsaye ina kallo ya yi ta jan tef yana saki har sai da abin ya faɗa awa talatin da biyu, wanda ya yi daidai da ƙarfe biyu na ranar Laraba, lokacin da mai gadi ya ce jirgi yana sauka. Ya ce kun gani, awo ba ya ƙarya. Ticha ya tambaye shi me zai sa matuƙi ya bar gajeriyar hanya ya zagaya bayan duniya. Ya ce saboda iska. Daga nan aka yanka duniyar aka raba, shi ya ɗauki ɓangaren da garinmu yake.

Wannan karon mu tara muka je. Mai gadi yana hango mu ya kawo wa Inna kujera, ta yi godiya ta ƙi zama, ta koma ta kama ƙarfenta. Biyu da minti goma sai ga jirgi na gaske, ƙarami mai farfela. Baba Inci ya juyo ya dubi Ticha sama da ƙasa, ya gyara tef ɗin wuyansa kamar wanda za a ɗauka hoto.

Mutum takwas suka sauko. Ta shidansu mace ce da baƙin tabarau, riƙe da yarinya. Na ji Inna ta ce a hankali ba ita ba ce, wannan ba tafiyar Auta ba ce. Amma mijinta ya riga ya sunkuya ta ƙarƙashin shinge, rigarsa ta maƙale a ƙarfe ta yage tun daga kafaɗa har ƙugu, bai ko waiwaya ba. Ya ruga ya sure yarinyar nan yana juyi da ita yana kiranta jikalle. Yarinya ta ƙwalla ƙara, uwar ta ƙwalla wadda ta fi ta. Na bakwai a layin shi ne mijin matar, wani ƙato da jaka biyu a hannu, wanda ya ajiye jakunkunan a hankali, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ba don mai gadi ya shiga tsakani yana rantsuwa cewa tsohon ba ɓarawon yara ba ne, awo ne ya yi masa yawa, da a ranar an auna Baba Inci a ƙasa.

A hanyar dawowa babu mai magana. Kawu Direba ya ce kwana biyu ya ajiye aiki saboda kankana, gobe yana da doguwar tafiya, sai Juma'a zai dawo. Da muka sauka Inna ta tsaya a ƙofar shago, idonta ya yi ja.

“Malam, don Allah ka ba Ticha wayar nan ya karanta mana.”

Ya ce cajin wayar ya ƙare. Ƙarya yake yi, don jim kaɗan bayan nan ta jikin katako na ji lokacin da ya kashe ta, ya tura ta can ƙarshen durowa ƙarƙashin ƙyallaye ya murɗa makulli. Ya san idan Ticha ya karanta takardar a gaban mutane, sunan Baba Inci ya tashi daga aiki.

Ticha, wanda ya ga hawayen Inna, ya daure ya yi bayani ba tare da gatse ba. Ya ce filinmu ƙarami ne, na garin Auta ma ƙarami ne, babu jirgin da ke tashi daga wancan ya sauka a wannan. Dole ƙaramin jirgi ya kai ta babban birnin can, babba ya tsallake da ita teku, sannan wani ƙaramin ya kawo ta nan, kuma a kowane wuri akwai zaman jira. Ya ce in don ta shi ne, a je gobe ma.

Baba Inci ya tafa hannu ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan aka riga shi. Tunda hannu uku ne, an shigo gidansa. Shekara arba'in yana wannan sana'a, ya san abin da ke faruwa da kaya idan suka bi hannu uku. Mai yanka zai ce yau ya kai gobe, mai sa maɓalli zai ce gobe ya kai jibi, mai guga kuma sai ka je ka tsaya a kansa. Ya ce masu jirgi ma masu sana'a ne, kuma babu mai sana'ar da zai karɓi aiki ranar Talata ya bayar kafin Asabar. Ya ƙirga a yatsu, ya ƙara kwana ɗaya na abin da ka iya tasowa, kamar yadda yake barin inci ɗaya a ɗinki. Asabar ƙarfe biyu, in ji shi, kuma idan Auta ta sauka kafin nan ya ajiye tef har abada.

Inna ta ce ita dai za ta je gobe, ko da a ƙafa ne. Ya nuna ƙafafun nata da suka kumbura saboda tsayuwar kwana biyu, ya ce so take 'yarta ta zo ta tarar da ita a kwance. Ya ce ta kawo rigar ma ya gama mata ita yadda ya kamata, tunda Allah ya ba da lokaci. Tana miƙa masa ya sa almakashi ya farke hannuwan biyu, wai dama ba su zauna ba. Inna ta dubi rigar a warwatse a kan tebur ta juya ta shiga gida. Ina da babur, da na ce zan kai ta da an wuce wurin. Ban ce ba, domin gaskiya daɗin kallon nake ji, kuma har yau abin yana damuna.

Ranar Alhamis Baba Inci ya tashi da sabuwar dabara. Ya soka fil mai jan kai a taswira ya ce Auta ce, duk bayan awa ɗaya sai ya matsar da shi kaɗan ya sanar da layi inda take. Rigar Inna tana kan keke ba a taɓa ta ba. Zuwa la'asar mutane sun cika ƙofar shagon har sun tare mini hanya, wasu don su ji, yawanci don su samu abin ba da labari. Shi kuwa ya juya musu baya, ya hau kan ɗan benci da almakashi a hannu yana nuni. Ya ce a daidai wannan lokaci jirgi na biyu yana inci na bakwai, ƙasa ruwa sama ruwa, an rufe tagogi saboda sanyi, ana raba wa fasinja shayi.

Ina cikin yi wa wani aski na ga tasi ta tsaya a bakin layi. Mai gadin filin jirgi ne ya fara fitowa da akwati a ka. Bayansa wata mace ta fito, ta rame da gajiya, da yarinya tana barci a kafaɗarta. Ba sai an gaya mini ba, tafiyar uwarta ce sak. Ta zo ta tsaya bayan taro tana sauraro. Waɗanda suka gane ta suka fara matsawa gefe ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi tari.

“Baba,” in ji ta, “yanzu ina ina?”

“Ga ki nan a tsakiyar teku,” in ji shi, ya ɗora bakin almakashi a kan fil ɗin. Sai da ya ƙara da cewa saura inci huɗu, sannan hannunsa ya tsaya. Ya juyo a hankali, benci ya goce, ya kamo taswira don kada ya faɗi, suka taho ƙasa tare da ƙusa biyu.

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta a layin nan ba. Mai gadi ya sauke akwati ya ba da labari. Ya ce ta fito ƙarfe biyu ta tsaya tana duban shingen ƙarfe, babu kowa. Ta ari wayarsa ta kira sau shida, a kashe. Ta zauna a benci awa ɗaya da rabi da yarinya a cinya, sai da ya ga zaman ya yi yawa ya matso ya tambaye ta ko ita ce 'yar mai awo.

Auta ta ce a ba ta wayar. Baba Inci ya buɗe durowa ya ɗauko. Ta kunna ta buɗe takardar ta miƙa wa Ticha, shi kuma ya gyara tabarau ya karanta da muryar aji. Jirgi uku, awa goma sha tara a sama, sauran duk zaman jira. Sauka Alhamis ƙarfe biyu na rana. A layin farko aka rubuta shi, da manyan baƙaƙe.

Baba Inci ya miƙe yana kakkaɓe riga ya fara cewa ai ga shi nan, masu jirgin ne suka yi gaggawa, aikin gaggawa kuma ba ya ƙarko. Bai ƙarasa ba Inna ta fito. Hayaniya ce ta fito da ita daga wurin wanki, da tsohon zane a jikinta da kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa. “Inna,” in ji Auta. Suka rungume juna da yarinyar a tsakiya, kumfa ta ɓata wa Auta baya, dariyar mutane ta mutu gaba ɗaya.

Sun daɗe a haka. Da Inna ta ɗago sai ta tambayi 'yarta abu ɗaya, ko ta duba wurin ƙarfen da ta fito. Auta ta ce nan ta fara dubawa. Inna ta gyaɗa kai, ta taka zuwa gaban mijinta, ta sa jiƙaƙƙen hannunta ta zare tef ɗin daga wuyansa. Ba ta ɗaga murya ba.

“Talata na yafe, Laraba na yafe. Amma shekara bakwai ina tsaye a wurin nan, Malam, ranar da ta zo ta duba ba na nan. Auna mini wannan.”

Ta naɗe tef ɗin a hannunta, ta karɓi jikarta, suka shige gida. Mutane suka watse ba tare da an kore su ba. Ta jikin katako na ji keken ɗinki ya tashi, bai tsaya ba sai da rigar ta kammalu, kuma ko awa ɗaya ba a yi ba.

Inna ba ta sa ta ba sai bayan mako huɗu, ranar da muka raka Auta. Ticha ne ya karanta takardar wannan karon, Kawu Direba ya kai mu da wuri. Rigar ta zauna mata ɗas, ta tsaya jikin ƙarfen nan da ita har jirgin ya ɓace. Mai shayi, wanda ba ya iya barin abu ya wuce, ya matso kusa da Baba Inci ya tambaye shi yaushe za su sauka. Na ga hannunsa ya tafi wuya ya tarar babu komai. Ya saci kallon Inna, wadda har lokacin ba ta saki ƙarfen ba.

“Allah ya sauke su lafiya,” in ji shi.